Keɓaɓɓun Kalmomin Zuba Jari

Hannun jari shi ne kason da mutum ya mallaka a kamfani. Wanda ke saye da sayar da shi a madadin jama'a shi ne dillali. Asusun haɗaka kuwa kuɗi ne da mutane ke tarawa, ƙwararre ya juya musu a kamfanoni daban-daban.

Wajibi ne malami ya bambanta wannan asusu da adashin 'yan kasuwar Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi. Mai adashi yakan kwashi daidai abin da ya zuba. Mai asusun haɗaka kuwa yana iya cin riba, yana iya faɗuwa, kamar yadda aka gani lokacin karyewar kasuwar hannun jarin Nijeriya a 2008.

Auna Fahimta: Mene ne aikin dillali?