Jini a Bakin Bature da Bakin Bahaushe

Ɗalibin sakandare a Tambuwal ko Kebbe, idan ya ci karo da "bad blood" a jarrabawar Turanci, nan take yakan fassara shi da baƙin jini. Wannan kuskure ne. Mai baƙin jini shi ne wanda jama'a ba sa ƙauna, ko da bai yi wa kowa laifi ba. Bature kuwa gaba yake nufi, irin wadda kan shiga tsakanin gidaje biyu bayan rikicin iyakar gona.

Tushen maganar tsohon ilmin likitanci ne. Tun zamanin Jalinusu, likitan nan Bagirke na ƙarni na 2, Turawa sun ɗauka cewa halin mutum daga ruwaye huɗu na jiki yake fitowa: jini, da majina, da ruwan maɗaciya iri biyu. Wannan ilmi ya rushe, amma maganar ta saura, alhali babu wanda ya taɓa hango ƙiyayya cikin jini da madubin likita.

A kudancin Amurka kuma, a da talakawa sukan kira cututtuka iri-iri da wannan suna, kuma an cuce su da shi. Daga 1932 zuwa 1972, a Tuskegee ta jihar Alabama, hukumar lafiya ta gwamnati ta riƙa gaya wa ɗaruruwan baƙaƙen fata masu tunjere cewa "bad blood" ake yi musu magani. Aka ɓoye musu sunan cutar, aka kuma hana su allurar penisilin bayan ta tabbata tana warkarwa.