Ni Ce Na Tsufa, Ko Fina-finan Hausa Ne Suka Lalace?

Tambaya: Ni uwa ce, na taso da kallon fina-finan Hausa tun zamanin kaset. Kwanan baya na samo Sangaya a waya, na tara 'ya'yana da ƙannena na ce su zo su ga fim na gaske. Ba a yi nisa ba suka fara dariya, wai hoton ya dushe, wai kiɗan kamar na wasan yara. Su kuma da suka zaunar da ni kallon masu dogon zangon da suke bi, sai na ga magana ɗaya ake ta ja har mako huɗu. Yanzu da mun fara hirar fim sai ta koma musu. Shin ni ce na tsufa, ko fina-finan ne suka lalace? Kuma ta yaya mutum zai faɗi ra'ayinsa a kan fim har a saurare shi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Ba tsufa ba ne, kuma fina-finan ba su lalace gaba ɗaya ba. Ke da yaran allo ɗaya kuke kallo, amma ba abu ɗaya kuke aunawa ba.

Mu fara da Sangayar. Kamfanin Sarauniya da ke Kano ne ya fitar da shi a 1999, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja ragamarsa. A lokacin harkar fim ɗin bidiyo ta Hausa ba ta cika shekara 10 ba, tunda Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ake lissafawa a matsayin na farko da ya shiga kasuwa, a 1990 ya fito. Da kyamarar bidiyo ake ɗauka, a kwafa a kaset, a kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su rarraba. Kiɗan kuwa mutum ɗaya ne ke zama gaban fiyanon Yamaha a situdiyo ya fitar da ganga da sarewa da komai. Don haka kunnen yaranki bai yi musu ƙarya ba. Ƙari a kan haka, abin da kika kunna musu ba shi ne ainihin abin da kika gani a wancan lokacin ba. Daga kaset aka juye shi zuwa faifai, daga faifai zuwa intanet, daga nan zuwa wayarki, kuma kowace juyawa sai ta ci wani abu daga hoton da sautin.

Akwai kuma wani rashin adalci da mu masoya tsofaffin fina-finai muke yi ba da saninmu ba. A waɗancan shekarun fina-finai barkatai suke fitowa, da yawansu an kalle su sau ɗaya an manta. Waɗanda suka rage a bakinmu, irin su Sangaya da Wasila da Ki Yarda Da Ni da In Da So Da Ƙauna, su ne shekaru suka tankaɗe, aka zubar da dusar aka bar garin. Na yanzu kuwa ba a kai su rariya ba tukuna. Idan kika ɗora zaɓaɓɓun jiya a kan duk abin da aka saki wannan makon, dole jiya ta yi nasara. Kuma ki tuna, lokacin da Sangaya yake tashe, manyanmu da suka saba da wasannin Kasimu Yero da Samanja da Karkuzu a talabijin cewa suke yi yaran nan sun ɓata wasan kwaikwayo da rawa da waƙa da kwaikwayon Indiya. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta sha ɗaukar irin wannan muhawara, kuma ƙorafin jama'a yana cikin abin da ya kai ga kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001.

Wani ɓangare na daɗin da kike tunawa ma ba a cikin kaset ɗin yake ba. Yana cikin aika yaro ya karɓo haya, da cikar ɗaki da maƙwabta, da addu'ar kada a ɗauke wuta. Yaranki ba su da rabo a wannan, kuma ba laifinsu ba ne.

Amma a maganar jan labari ina bayanki, kuma ba da rabin baki ba. Tsohon fim yana da ƙarshe. Kashi na ɗaya, na biyu, wani lokaci na uku, an gama, kowa ya san makomar kowa. Wasu ma daga littafi aka ɗauko su: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ne, Ki Yarda Da Ni kuma na Bilkisu Funtuwa, labaran da masu karatu suka riga suka gwada suka karɓa kafin a ɗora musu kyamara. Marubucin ya san inda za shi tun daga shafin farko.

Mai dogon zango kuwa kasuwa ce ta haife shi. Satar fasaha da masu tura fina-finai a waya sun kashe cinikin faifai, furodusa ya rasa inda zai mayar da kuɗinsa, sai aka koma tashoshin talabijin da YouTube. Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa ya biyo baya a 2015, Kwana Casa'in a 2019, sannan Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka mamaye 2020. A wannan tsarin talla ce ke biyan kuɗi, talla kuwa tana bin yawan masu kallo da daɗewarsu a gaban allo. Ranar da labari ya ƙare, ranar kuɗin ke tsayawa. Daga nan ne ake samun doguwar gaisuwa, da mota tana fita daga gida ana bin ta har ta ɓace, da maimaita abin da aka nuna makon jiya, da sirrin da kalma biyu za ta warware amma a hana kowa furta ta har zango ya ƙare. Wannan aibi ne na gaske. Sanin dalilinsa ba ya wanke shi, kuma marubutan da suka san darajar alƙalaminsu ya kamata su ji ciwonsa fiye da mu masu kallo.

Sai dai a ba su haƙƙinsu. Hoto ya gyaru, sauti ya fita, kuma an taɓo abubuwan da fim ɗin soyayya na da bai cika kusanta ba. Kwana Casa'in ya shiga cikin siyasa da cin hanci da halin da asibitoci da aikin jarida suke ciki. Daɗin Kowa ya zauna da almajirci da shaye-shaye da rayuwar waɗanda rikici ya raba da garuruwansu. Gidan Badamasi ya sa mutane dariya a kan 'ya'yan da suka zuba wa dukiyar mahaifinsu ido tun yana raye, dariyar da ke da ɗaci a ƙarƙashinta. A 2024 kuma Mai Martaba, fim ɗin Hausa, shi Nijeriya ta zaɓa ya wakilce ta a neman shiga gasar Oscar.

Yanzu ga rabi na biyu na tambayarki, wanda a ganina ya fi muhimmanci. "Ya yi kyau" da "bai yi ba" ba sa buɗe hira, rufe ta suke yi, domin wanda aka faɗa wa ba shi da abin yi sai ya yarda ko ya musa. Ki kama wuri guda ki nuna. Ki ce a Sangaya, dubi yadda ake wulaƙanta yarinyar nan a gidan sarauta, ita kuma idonta kaɗai ke ba da amsa. A cikin 'yan wasan da kuke so, wa zai iya haka? Nan take yaron da ke dariyar kiɗa zai koma kallon fuska. Haka idan za ki soki nasu, ki faɗi fitowar da ta gundure ki, da abin da za a rasa in an cire ta. In ba za a rasa komai ba, su da kansu za su gani. Ki kuma tambaye su abin da ya riƙe su a labarin har suke jiran mako ya zagayo, ki saurara da gaske, domin wanda aka saurara shi ke saurare.

Akwai wani ma'auni da muka fi yawan ɗaukowa, wato tarbiyya, kuma ina son ki riƙe shi da kula. Haƙƙinki ne a matsayinki na uwa ki duba abin da ke shiga idon 'ya'yanki. Amma nuna mugun hali daban, tallata shi daban. Wasila labarin cin amanar aure ne, kuma da yawan waɗanda suka kalle shi tsoron abin suka fita da shi. Fim kuma yana iya cika da wa'azi daga farko har ƙarshe ya kasance an yi shi da ganganci, babu labari, babu wasa mai ratsa zuciya. Tambayar da ta dace ita ce: me fim ɗin ya sa na ji game da wannan halin bayan an gama? Sannan a raba ɗan wasa da rawar da ya taka. Wanda ya fito a mugu har kika tsane shi ya iya aikinsa ne, kuma abin da ake yaɗawa game da rayuwarsa ta gida ba sharhin fim ba ne. Wanda bai kalla ba kuma kada a faɗa masa ƙarshen labari.

Idan kina son zaman da babu mai kare zamaninsa, ku nemi Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya girmi Sangaya da shekara 23, tafiyarsa a hankali take, kuma ke da yaran duk baƙi ne a wurinsa. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a Jamus a 2018. Yawancin fina-finan kaset ba su samu mai yi musu wannan gatan ba. In akwai ragowar kaset ko faifai a ɗakinki, kada ki zubar. Ki raba su da zafi da ƙura, ki nemi mai na'urar da zai juye miki su tun suna iya kunnuwa.