Amsar Tambaya: Fastar ɗan takara a filin ƙwallo

Tambaya: Ni shugaban magoya bayan wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo ne a Kano. Wani ɗan takara ya ce zai saya mana riguna da ƙwallaye idan muka rataya fastarsa a fili ranar wasa. In karɓa?

Amsa: Ɗan'uwa, ina ba ka shawara kada ka karɓa da wannan sharaɗin. Doka ta 4 cikin dokokin wasan ƙwallo ta hana saka saƙon siyasa a kayan 'yan wasa, FIFA kuma tana hukunta ƙungiya idan magoya bayanta suka ɗaga irin wannan saƙo a fili. Idan aka ci tara, kan ƙungiyarku za ta faɗa, ɗan takara ba ruwansa.

Abin da ya fi damuna shi ne jama'arku. Je ka filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ke wasa: mai jar hula da ɗan wata jam'iyyar kafaɗa da kafaɗa suke, duk "Sai Masu Gida" suke kira. Ranar da ka rataya fuskar mutum ɗaya, rabin masu zuwa kallonku za su ga ƙungiyar ta tashi daga tasu. Lokacin zaɓe kuwa ka san yadda 'yan daba ke neman dalili.

Ka same shi cikin mutunci, ka ce kuna maraba da rigunan a matsayin gudunmawa, ba hoto ba alamar jam'iyya. Idan ya ƙi, ku nemi 'yan kasuwar unguwarku. Su tallan shagonsu kawai za su so a kan rigar.