Kafin ka taɓa wayar sifikar nan

Hom tiyata ta iso gida, an buɗe kwali, an jera sifiku biyar da wufa, sai a tarar wayar sifikun baya ba ta kai bayan kujeru ba. A nan ɓarna take farawa. Maigida ya tura yaro kanti ya sayo waya ko wace iri, a feƙe ta da haƙori, a murɗa, a naɗe da leda. Bayan wata biyu a ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

Kashe na'urar, ka zare fulogi daga soket tukuna. Kashewa da rimot bai wadatar ba. Duk wani yanka ko jona waya da za ka yi, ka yi shi babu wuta a jikin amfilifaya.

Juya sifikar ka karanta abin da aka rubuta a bayanta: 8 ohm ne, 6, 4, ko 3. Yawancin waɗanda ke zuwa a kwali ɗaya da na'urarsu 3 ne ko 4, kuma su suka fi jin jiki idan waya ta yi tsawo. Ƙa'idar da masu aikin sauti suka daɗe suna bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta sifika. Idan ta wuce, wani ɓangare na ƙarfin a hanya yake salwanta, sautin kuma ya yi laushi. Da wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5mm², sifikar 8 ohm za ta jure wajen mita 17, ta 4 ohm wajen mita 8, ta 3 ohm kuwa da ƙyar ta wuce mita 6. Falonka ya fi haka? Hau 2.5mm², wadda za ta kai sifikar 3 ohm wajen mita 10. Ka auna hanyar da wayar za ta bi, ta jikin bango da saman ƙofa. Mutane sukan auna daga talabijin zuwa kujera kai tsaye, daga baya su ga sun gaza da mita uku.

Kada kaurin roba ya ruɗe ka. Akwai wayar da robarta ta kai yatsa, amma silin cikinta bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, a jikinta wani lokaci za ka ga an rubuta CCA. Ka ce mai shago ya yanko maka guntu, ka kankare sili ɗaya da reza. In ya yi fari, alminiyom ne: turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, ga saurin karyewa a wurin haɗi. Araha ba ta ado. Amma kada kuma wani ya tatse ka da sunan waya mai ruwan zinare. Jan ƙarfe na gaske mai isasshen kauri ya gama magana.

Idan da hali, kada ka yi haɗi sam. Sayi waya guda daga amfilifaya har sifika. In kuwa na'urarka irin mai fulogi masu launi ce, waɗanda ba a samun irinsu a ware cikin sauƙi, to kada ka yar da fulogin. Yanke tsohuwar wayar kamar taƙi ɗaya daga jikinsa, ka jona sabuwa mai kauri daga nan. Ka jona da dalma, ko da kanekta mai noti. Murɗawa da hannu kawai ba haɗi ba ne: yau ta kama, gobe ta saki, jibi tsatsa ta hau. Kuma kada haɗin sili biyun ya zo kafaɗa da kafaɗa. Ka gota su, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne da salatef ɗinsa, sannan ka naɗe su tare. Salatef na rahusa yana sakin jiki a zafin bazara, kuma ranar da silin ja ya taɓa na baƙi, ko dai na'urar ta kashe kanta in tana da kariya, ko kuma ka kwashe ta zuwa wurin mai gyara. Sili ɗaya tak da ya baje a bayan amfilifaya ya isa ya yi wannan aika-aika.

Ja da ja, baƙi da baƙi. Idan wayar launi ɗaya ce, duba da kyau, gefe ɗaya yana da layi ko rubutu ko ɗan tudu. Juya su ba ya ƙona komai, amma sifika ɗaya za ta riƙa turawa ɗaya tana ja, sai ka ji dukan ganga ya ɓace. In ka rikice, ɗauki batir ɗin rimot mai 1.5V ka ɗan taɓa bakin wayar na ƙiftawar ido: idan fatar sifikar ta turo waje, silin da ke kan + na batir shi ne ja.

Kada ka cusa sifika biyu a rami ɗaya don kana son sauti ya kai tsakar gida ranar suna. Biyu masu 4 ohm a haɗe haka sun koma 2 ohm, amfilifaya za ta yi ta zafi har ta mutu. Ka yi hayar kayan biki.

Kada wayar sifika ta kwanta jere da wayar wuta cikin bututu ɗaya. In dole su haɗu, su gitta juna. Kada ka bi da ita ƙarƙashin kafet inda ƙafar kujera za ta danne ta, kada kuma ka kafa ta da ƙusa tsirara. Cikin silin ɗaki kuwa, sa ta a bututu, don ɓera ba ya raina roba.

Batun jona hom tiyata da talabijin bai da wuya. Duba bayan talabijin, akwai ramin HDMI guda da aka rubuta wa ARC ko eARC. Shi kaɗai ke mayar da sauti zuwa hom tiyata, sauran ba sa yi. ARC ya zo da HDMI 1.4 a 2009, don haka tsohuwar talabijin ba lallai ta same shi ba. In babu, yi amfani da wayar optical, tana ɗaukar Dolby Digital 5.1, amma ka cire 'yar hular robar da ke bakinta, kuma kada ka lanƙwasa ta, haske ne ke bi ta ciki. Jan fulogi da fari na RCA hagu da dama kawai suke kawowa, don haka kada ka zargi sifikun baya in sun yi shiru.

Kada ka zare ko ka cusa HDMI alhali kayan suna kunne, musamman a gidan da wayarinsa ba shi da ingantacciyar wayar ƙasa (at). Ramin yana iya ƙonewa, gyaransa kuma sai an buɗe bod. In za a koma janareto, kashe komai, sai injin ya daidaita ka kunna. Da damina kuwa, da ka ga hadari ya haɗu ana walƙiya, ka zare fulogi, ka kwance wayar dish daga bayan dikoda ita ma, domin ta nan tsawa kan bi ta shiga dikoda, ta wuce ta HDMI zuwa talabijin da amfilifaya.