Darasi na Goma Sha Biyu: Zoben Tazara a Ƙafar Ƙaramin Jirgin Sama

Ku karanta wannan bayani a tsanake, sa'an nan ku amsa tambayoyin da ke biye.

Akwai ƙananan jiragen sama waɗanda ba sa ɗaukar mutum. Ana ƙera su da soso mai tauri ko da balsa, wani itace marar nauyi da ake samu a Kudancin Amurka. Mai jirgin yakan tsaya a fili da rimot a hannu, yana sarrafa shi ta saƙon rediyo. Idan kuka ga irin wannan jirgi, fukafukai da farfela ne za su fara ɗaukar hankalinku. To amma kafin jirgi ya tashi sai ya yi gudu a ƙasa, kuma komai daɗewarsa a sama, ƙasa zai dawo. Don haka ku mai da hankali ga ƙafafunsa.

Yadda ƙafar take

A jirage da yawa, ƙafar waya ce ta ƙarfe mai tauri, kaurinta kamar milimita 3 ko 4. Ana lanƙwasa ƙarshenta ya miƙe a kwance, a nan ake zura taya. Wannan yanki shi za mu kira sandar taya. A bakin sandar ana sa kwala, wato zoben ƙarfe mai ɗan noti, a ɗaure shi tamau don kada tayar ta fice.

Ku lura da wurin da aka lanƙwasa wayar. Yana da ɗan gantsarwa, domin ƙarfe ba ya lanƙwasuwa ƙwab ɗaya. Idan jirgi na gudu, taya takan zame ta nufi ciki, ta hau kan lanƙwasar, ta cije. Maganin wannan shi ne zoben tazara: ɗan zobe da ake zurawa a sanda kafin a sa taya, domin ya raba ta da lanƙwasar. Ana yin sa da washa ta roba mai santsi, ko da guntun bututun tagulla ko na alminiyam.

Me zai faru idan babu shi?

Idan tayar hagu ta cije, ta dama kuma tana juyawa, jirgin zai karkata hagu, ya bar hanyarsa. Idan jirgin mai tayoyi biyu ne a gaba da ƙarama ɗaya a wutsiya, yana iya tuntsurawa da ka, farfela ta karye. Haka kuma idan zoben ya yi gajarta, taya za ta riƙa kai da komo a kan sanda, tana rawa, har raminta ya cinye. Idan ya yi tsawo, zai matse ta jikin kwala, ta kasa juyawa. Kun ga aikin makonni zai iya lalacewa cikin daƙiƙa kaɗan saboda abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Hausawa na cewa, raina kama ka ga gayya.

Yadda za ku auna

Ku ɗauki rula ku auna abu uku: tsawon miƙaƙƙen ɓangaren sanda, da faɗin cibiyar taya, da faɗin kwala. Ku bar sarari kamar milimita 1 domin taya ta sami sukunin juyawa. Ga misali: sanda milimita 30 ce, cibiyar taya 18, kwala 6, sarari 1. Jimillar ukun ƙarshe 25 ke nan. Idan kuka ɗebe 25 daga 30, saura 5. Ashe zoben da kuke bukata milimita 5 ne.

Ku yanka zobba biyu masu tsawo ɗaya, na hagu da na dama, ku goge bakinsu da magagari su yi sumul. Ku ɗan goge sandar a daidai inda notin kwala zai zauna, wurin ya baje, don notin ya kama sosai. Bayan kun ɗaura, ku kaɗa kowace taya da yatsa. Ya kamata ta juya sau da yawa kafin ta tsaya. Daga nan ku tura jirgin a kan daɓen siminti ba tare da kun kunna shi ba. In ya tafi sambal, aiki ya yi kyau. In ya karkata, ku kwance ku sake dubawa kafin ku bar shi ya tashi.

Ma'anar kalmomi

tazara: sararin da ke tsakanin abu biyu
lanƙwasa: tanƙwara abu ba tare da an karya shi ba
cije: maƙale, kasa motsi
magagari: ƙarfe mai kaushi da maƙera ke goge ƙarfe da shi
sambal: a miƙe, ba karkata

Tambayoyi

1. Da me ake ƙera ƙananan jiragen sama?
2. Mene ne aikin kwala?
3. Me ya sa taya take cijewa idan babu zoben tazara?
4. Ina jirgi zai nufa idan tayar dama ta cije?
5. Sanda milimita 32 ce, cibiyar taya 20, kwala 6, sarari 1. Nawa ne tsawon zoben?
6. Ku bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin bayanin.

Nahawu

Ku kawo jam'in waɗannan kalmomi, ku sa kowanne cikin jimla: jirgi, taya, zobe, ƙafa, sanda, fiffike.

Aikin gida

Ku duba tayar keke, ko ta motar gwangwani irin wadda yara ke ƙerawa. Ku nemo abin da ke hana tayar goguwa da jikin abin hawan. Ku rubuta jimloli biyar da Hausa a kan abin da kuka gani.