Gabar Kerkeci da Koyote: Ƙirƙira ce ko Gaskiya?

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a Zariya. Ina rubuta wa 'yan ajina labarin wasu gidaje biyu masu gaba tun kaka da kakanni: gidan kerkeci da gidan koyote, dabbar nan ta Amurka mai kama da dila da yara ke gani a katun. Na sa kerkeci ya zama azzalumi, koyote kuwa bawan Allah da ake cuta. Sai wani ɗalibi ya tambaye ni ko da gaske suna gaba a daji, na rasa abin cewa. Don Allah a warware mini.

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya kuma yi wa yaron nan albarka. Ki gaya masa gabar gaskiya ce, har jini ake zubarwa. Amma ina roƙonki ki sake duba rabon da kika yi na azzalumi da wanda ake zalunta, domin zai rage wa labarinki armashi, kuma ba haka abin yake a dawa ba.

Inda aka fi ganin wannan rigima da ido shi ne gandun dajin Yellowstone a yammacin Amurka. Zuwa shekarar 1926 mutane sun ƙarar da kerkecin gandun da bindiga da tarko da guba. Kusan shekara 70 koyote na cin karensa babu babbaka, ya hayayyafa ya cika ko'ina. A 1995 aka kawo kerkeci 14 daga Kanada aka sake su, a 1996 aka ƙaro 17. Cikin 'yan shekaru kaɗan adadin koyote a arewacin gandun ya ragu da kusan rabi. Ƙarfin ba ɗaya ba ne: koyote bai cika wuce kilo 20 ba, namijin kerkeci kuwa yana haura kilo 45.

Akasarin kisan a bakin nama ake yinsa. Kerkeci sukan kayar da babbar barewar nan da ake kira elk cikin dusar ƙanƙara, su ci su ƙoshi, su koma gefe su kwanta. Koyote na raɓe daga nesa, hankaki na shawagi. Idan yunwa ta fi ƙarfinsa sai ya lallaɓo, ya fizgi tsoka, ya ɗaga kai ya waiga, ya sake fizga. Wanda ya shagala, ko dusar ta yi masa zurfi ya kasa gudu, nan ajalinsa yake. Sau da yawa kerkecin ba ya ma cin gawar, abokin takara kawai ya kawar. Shi ma koyote ba kanwar lasa ba ne. Idan suka yi taro suka tarar da kerkeci shi kaɗai, sukan taso shi a gaba da cizo har sai ya bar musu wurin. Waɗanda suka tsira sun koyi haƙa ramukansu a wurare masu tudu da duwatsu, kuma naman da abokin gaba ya rage shi ne ke raya su a lokacin hunturu. Mai kashe su shi ne mai ciyar da su. Wannan kaɗai ya isa babi guda a littafinki.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne zumuntar da ke tsakaninsu. Kerkeci da koyote da karen gida dangi ɗaya ne, har suna iya haihuwa da juna. Mutanen Shoshone, 'yan asalin wannan yanki, sun daɗe da sa wannan a tatsuniyoyinsu. A wurinsu Kerkeci wa ne mai natsuwa, Koyote kuwa ƙane ne mai wayo da son zuciya, Gizon can ke nan. A wata tatsuniya Kerkeci ya so a ce wanda ya mutu a iya tashinsa ta hanyar harba kibiya a ƙarƙashinsa. Koyote ya ƙi, ya ce duniya za ta cika. Wan ya amince. Ba a daɗe ba maciji ya sari ɗan Koyote, ya zama na farkon mutuwa. Koyote ya rugo yana roƙon a koma maganar kibiya, wan ya tuna masa cewa da bakinsa ya rufe wannan ƙofa. Kin ga a nan wanda kika ɗauka bawan Allah shi ne mai laifi, amma duk wanda ya ji labarin sai ya tausaya masa.

Kada kuma ki zana gidan kerkeci a matsayin tsintsiya maɗaurinki ɗaya. A cikin Yellowstone, babban abin da ke kashe kerkeci shi ne ɗan'uwansa kerkeci. Akwai garken Druid Peak da masu bincike suka bi shekara da shekaru. Uwar garken, wadda suka sa wa lamba 40, muguwa ce ta gaske: ta kori mahaifiyarta, ta kori wata 'yar'uwarta, kullum kuma tana gallaza wa ɗayar mai lamba 42. A watan Mayun 2000 ta je ramin da 42 ke renon 'ya'yanta, washegari aka tsince ta a bakin hanya jina-jina, ta mutu. Masu bincike sun ɗora abin a kan 42 da matan da suka mara mata baya. Daga nan 42 ta kwashi 'ya'yanta ta kai ramin marigayiyar, ta haɗa da marayun ta rene su gaba ɗaya. A 2001 garken ya kai kerkeci 37. Duk lokacin da na tuna wannan rainon marayu sai jikina ya yi sanyi, kuma na tabbata 'yan ajinki za su fahimce shi sarai.

Sai hannun ɗan Adam, wanda bai kamata ya ɓace daga labarin ba. Da aka kusan ƙarar da kerkeci a gabashin nahiyar Amurka, koyote ya bazu ya cike gurbin, yau har a cikin Chicago da New York ana ganinsa. A yankin Ontario na Kanada, kerkecin da suka rage suka rasa abokan aure sai suka haɗu da koyote. Jikokinsu su ne koyoten gabas, masu girman jiki, jininsu akasari na koyote, da kaso na kerkeci da ɗan na kare. A jihar North Carolina kuwa, inda aka sake jan kerkeci a 1987, irin wannan auratayya ce ke barazanar shafe shi, har ma'aikata kan kama koyote su yi musu aikin hana haihuwa su sake su domin su tsare yankin ba tare da haihuwa ba.

Saboda haka, Malama, ki ba kowane gida yunwarsa da hujjarsa, ki sa mafarauci ya karkashe gidan kerkeci har 'yar da ta rage ta auri ɗan gidan koyote. Ɗan da za su haifa shi ne jaruminki. Ki bar yaron da ya yi tambayar ya zaɓa masa gidan da zai kira nasa.