DARASI: WA ZAI SHIRYA INJI DOMIN AJIYA, MU KO BAKANIKE?

Abin karantawa: Luka 14:28-30, 2 Sarakuna 6:1-7.

Darasinmu na wannan wata zai kai mu wata ƙasa mai nisa tukuna, kafin ya komo da mu gida. Muna roƙon magatakarda ya karanta shi a gaban dukan 'yan ƙungiya, ma'aji kuma ya zo da littafin kuɗi.

1. Ƙasar da ruwa yake daskarewa

A arewacin Amurka da Kanada akwai tafkuna masu yawa. Jihar Minesota kaɗai tana da fiye da 10,000. Mutane da yawa a can suna da ƙananan jiragen ruwa masu inji, na kamun kifi ko na yawo. Amma daga wajen watan Disamba har zuwa Maris ko Afrilu tafkunan sukan daskare, har a wasu wurare mota takan bi ta kan ƙanƙarar. Saboda haka dole a fitar da jirgi daga ruwa, ya zauna kamar wata shida ba aiki.

Ga inda haɗarin yake. Ruwa yakan daskare sa'ad da ma'aunin sanyi ya kai sifiri. In ya daskare kuwa, yakan kumbura da wajen kashi 9 cikin 100. Injin jirgi da ruwan tafki yake sanyaya kansa. In an bar ruwan nan a cikinsa, ƙanƙara za ta tsaga ƙarfen kamar yadda ake fasa tulu. Dare ɗaya ya isa. Mai jirgi ba zai sani ba sai ranar da ya ta da injin, ya ga ruwa ya gauraya da baƙin mai.

Domin haka kowace shekara, wajen watan Oktoba, sukan shirya jirgi domin hunturu. Sukan tsiyaye ruwan inji, su zuba wani ruwan magani wanda ba ya daskarewa. Sukan sake baƙin mai da man giya. Sukan zuba magani a fetur domin kada ya lalace, su fesa mai a cikin silinda domin tsatsa. Sukan cire batir su kai shi ɗaki, sa'an nan su rufe jirgin.

2. Hanya biyu

Mai jirgi yana da hanya biyu. Ko ya kai wa dilan da yake sayar da jirage, ko kuwa ya yi da hannunsa.

In ya kai wa dila, yawancin abin da zai biya ladan aiki ne. A wurare da yawa a Amurka ladan bakaniken jirgi yakan wuce dala 100 a awa guda. Kafin a haɗa da kuɗin mai da magani, lissafi yakan kai ɗaruruwan daloli. Rufe jirgi da ledar da ake ƙama ta da wuta kuɗinsa dabam, bisa tsawon jirgin ake biya. Wurin ajiya ma kuɗinsa dabam.

In ya yi da kansa, kayan kaɗai zai saya, ya ba da yini ɗaya. A shekara ta fari zai sayi 'yan kayan aiki, kamar famfon zuƙe baƙin mai. Bayan wannan sai mai da magani kawai. Sau da yawa kuɗin ba ya kai rabin na dila.

To, ashe magana ta ƙare ke nan? A'a. Da sauran tambaya ɗaya: in an yi kuskure, wa zai ɗauki hasara? Babban injin da yake zaune a cikin jirgi yana da ƙusoshin tsiyaye ruwa a wurare dabam dabam. In mutum ya manta da guda ɗaya, injin zai iya tsagewa, sabo kuwa dubban daloli ne. Kamfanonin inshora da yawa ba sa biyan irin wannan ɓarna, gama suna lissafta ta cikin sakaci. Amma in dila ne ya yi aikin, ya ba da rasit, mai jirgi yana da wurin kai kuka. Watau wani kashi na kuɗin dila, kuɗin ɗaukar alhaki ne.

Ƙaramin injin da ake rataya a bayan jirgi ba haka yake ba. In an tsai da shi a miƙe, ruwan yakan tsiyaye da kansa. Aikinsa mai sauƙi ne, masu shi da yawa su suke yi. Mun ga ke nan amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Ta dangana ga irin injin, da sanin mai shi.

Akwai hanya ta uku wadda ba mu ambata ba, ita ce a ƙyale jirgin haka nan. Ita ce mafi araha a watan Oktoba, ita ce kuma mafi tsada a watan Afrilu. Abin mamaki, injuna da yawa da sanyi yake tsagawa a jihohin kudu suke, inda sanyin ba shi da tsanani, gama mutanen can sukan ce ba zai kai haka ba. A watan Fabrairu na 2021 sanyi mai tsanani ya faɗa wa jihar Tekzas farat ɗaya, ya fasa bututun ruwa a gidaje masu ɗimbin yawa, ya sami mutane ba shiri.

3. Mu komo gida

Wani zai ce, "Ina ruwanmu? Mu ba mu da ƙanƙara." Gaskiya ne. Amma muna da injunan da suke hutawa. Injin ban ruwa na fadama yakan yi aiki dukan rani, sa'an nan ya zauna daga farkon damina har kaka. 'Yan'uwanmu masunta na Yawuri a bakin tafkin Kainji, da na Ibi a bakin Binuwai, su ma sukan jingine injin kwalekwale in kamu ya ja baya. Hunturun Amurka da daminarmu ba ɗaya ba ne, amma inji ɗaya ne, abokan gabansa kuma kusan ɗaya.

Na fari, tsohon fetur. Fetur yakan soma lalacewa bayan wata ɗaya ko biyu. Sashensa mai sauƙi yakan tashi, sauran ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan ramukan kabureta.

Na biyu, laima. Iskar damina takan shiga silinda ta kawo tsatsa, har fistin ya kafe. Ruwan laka da aka bari a tukunyar famfo yakan sa farfela ta cije.

Na uku, tsohon baƙin mai. Yana ɗauke da datti da tsami waɗanda suke cin ƙarfe a hankali.

Na huɗu, ƙananan halittu. Zanzaro yakan gina ɗakinsa a bakin salansa, ɓera kuma ya ci waya da soson tace iska.

Mun sha ganin yadda abin yake faruwa. An gama kwasar albasa da tumatir, kowa ya gaji, hankali ya koma ga sharar gona. Sai a tura injin ƙungiya bayan buhunan taki, da fetur a tanki, da ruwa a tukunya. A watan Nuwamba, ga iri ya isa dashe, sai a ja igiya har hannu ya yi kanta, inji ya ƙi tashi. Bakanike kuwa a lokacin kowa nemansa yake yi. Mako biyu na jira ya isa ya ƙone iri a bedi. Wannan hasara ba ta cikin rasit na gyara, amma ita ce babba.

4. Mu zauna mu yi lissafi

A cikin Luka sura 14 Yesu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna ya ƙidaya kuɗin tukuna. Almajiranci yake koyarwa, amma ya ɗauki misalin daga abin da kowane mai hankali yake yi. Bari mu ma mu zauna.

Ga misali kawai. Ku share waɗannan lambobi ku sa farashin kasuwarku. Mu ce ƙungiya tana da inji 5.

In an kai wa bakanike: mu ce aiki da mai da fulogi Naira 12,000 kowane inji, kuɗin kai da komowa Naira 3,000. Jimla Naira 15,000 sau 5, watau Naira 75,000.

In mun yi da kanmu: mu ce mai da fulogi Naira 6,000 kowane inji, watau Naira 30,000. Sifanu da mazurari da sifanar fulogi Naira 15,000, sau ɗaya za a saya. Shekara ta fari Naira 45,000, ta biyu Naira 30,000.

Rarar shekara ta fari Naira 30,000 ke nan, ta biyu Naira 45,000. Amma mu lura. In wanda bai iya ba ya ɗaure fulogi a karkace ya cinye zaren kan silinda, ko ya manta bai zuba sabon mai ba aka ta da inji, hasarar inji guda za ta haɗiye rarar shekaru. Saboda haka lissafi na gaskiya yana da layi huɗu: kuɗin kaya, ladan aiki da sufuri, sanin mai yin aikin, da wanda zai ɗauki hasara in an yi kuskure.

5. Raba aikin

Shawararmu ita ce a raba aikin kashi biyu.

Abin da za mu iya yi da kanmu a injin ban ruwa:

(a) A ja ruwa mai tsabta da famfon na 'yan mintoci, a kashe, a kwance ƙusar da take ƙarƙashin tukunya, ruwa ya tsiyaye sarai. Kada a taɓa ta da inji ba ruwa a tukunya, gama abin da yake tare ruwa a bayan farfela zai ƙone.

(b) A juye baƙin mai tun inji yana da ɗumi, a zuba sabo. Ƙaramin inji irin Honda GX160 wajen lita 0.6 yake sha. A duba da ma'aunin da yake jikin murfi. Kada a zubar da tsohon man a gona ko a rafi.

(c) In inji ya huce, a juye fetur daga tanki, a kwance ƙusar gindin kabureta sauran ya fita. A yi wannan a fili, nesa da wuta da taba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 fetur ya yi tsada, don haka kada a zubar. A zuba shi a babur.

(d) A cire fulogi, a zuba sabon baƙin mai ƙaramin cokali ɗaya a ramin, a ja igiya a hankali sau da dama, a mai da fulogi. Da hannu za a fara ɗaure shi, sifana daga baya.

(e) A sake jan igiya a hankali har a ji ta yi tauri, a sake ta a nan. Bawul sun rufe ke nan, laima ba za ta shiga ba.

(f) A wanke soson tace iska da sabulu, a shanya, a shafa masa ɗan mai.

(g) A ɗora injin a kan katako, nesa da takin zamani, gama taki yana cin ƙarfe. A toshe bakin salansa da tsumma, a rufe da buhun algarara. Leda tana tara gumi. A naɗe tiyo a inuwa.

Masunta kuma su duba man giya. In ya fito fari fari kamar madara, ruwa ya shiga. Su cire farfela su duba ko zaren kamun kifi ya naɗe a bayanta, gama shi yakan yanke robar da take tare ruwa.

Abin da za mu bar wa bakanike: inji mai fid da hayaƙi shuɗi, inji mai ƙwanƙwasa, famfo mai yoyo ta bayan farfela, daidaita bawul, buɗe kabureta, da man giya da ya yi fari. Sabon injin da garantinsa bai ƙare ba, kada mu buɗe shi, mu mayar wa wanda ya sayar. A kai gyara da damina, sa'ad da bakanike ba shi da layi. Mutum biyu su raka injin, su tsaya su koya, su karɓi rasit, su komo da tsofaffin kayan da aka cire.

6. Kayan kowa

A cikin 2 Sarakuna sura 6, ƙarfen gatarin wani almajirin annabawa ya faɗa cikin Kogin Urdun. Abin da ya sa shi kuka shi ne, gatarin na aro ne. Injin ƙungiya ma haka yake a hannun kowannenmu. A cikin kuɗinsa akwai gudummawar gwauruwa, akwai ta saurayin da ya sayar da akuyarsa. Amma mun sani, abin da aka ce na kowa ne, shi ne ba mai kula da shi.

Saboda haka kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu da suna, ta sa ranar ajiya a kalanda kamar yadda ake sa ranar godiyar kaka. A buɗe wa kowane inji shafinsa a littafi, a rubuta ranar sake mai da abin da aka kashe. A riƙa cire ɗan wani abu daga kuɗin hayar inji domin asusun gyara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ina injunanmu suka kwana a daminar bara? Nawa suka tashi ba gyara?
2. Nawa muka kashe a gyara bara? Nawa ne daga ciki na sakaci?
3. Wa ya iya ayyukan (a) zuwa (g) a cikinmu? Wa zai koya, har da mata da matasa?
4. In ɗan ƙungiya ya ɓata inji da kuskure, yaya za mu raba hasarar ba tare da ɓata zumunci ba?

Aikin yi: Kafin taro mai zuwa, ma'aji ya tambayo farashin mai da fulogi da ladan bakanike, a yi lissafin sashe na 4 a kan allo.

A rufe taro da addu'a, a roƙi Ubangiji ya sa mu zama amintattu a kan abin da ya danƙa a hannunmu.